Mai Sayar da Iska

Ni mai faci ne a Runjin Sambo,
shekara goma sha huɗu ina sayar da iska.
Taya naira ɗari, keke hamsin,
wanda ba shi da ko sisi in hura mishi don Allah.
Ban taɓa tambayar ina ake samo ta ba.

Daren Laraba Luba ta fara.
Ƙirjinta na zuga kamar zugazugin maƙeri,
ramin wuyanta na lotsawa.
Hajaru ta ce, tashi, wannan ya wuce mura.
Sai a ƙofar Asibitin Ƙwararru na lura
takalmina ɗaya nawa, ɗaya na uwarta.

Likita ya saurari bayanta, ya ce limoniya.
Suka saƙa mata siririn tiyo a hanci,
suka ɗaure hannunta jikin kwali saboda allura,
hannun da ke zare mini hula in na yi sujada.

Daf da kanta akwai kwalba mai ruwa,
iska na bi ta ciki tana kumfa.
Na san kumfan nan.
In na tsoma tub cikin baho,
inda ya fito nan ɓular take:
in sa yatsa, in kankare, in manna, a kama hanya.
Na duba ɗiyata daga kai har tafin ƙafa
ban ga inda zan sa yatsa ba.

Maza ba su kwana ciki.
Gindin dogonyaro muke shimfiɗa, mu bakwai,
kowa ya san lambar gadon ɗan kowa
kafin ya san sunan ubansa.
Wani manomin albasa daga Wurno, Malam Tukur,
shi ke raba mana shayi a murfin fulas.
Ran Asabar ya naɗe tabarmarsa tun kafin assalatu.
Ya fito da abu a kafaɗa cikin zanen goyo.
Fulas ɗin ya bar mana.
Babu wanda ya iya buɗe shi.

An ɗauke wuta sau biyu a daren.
Na tsaya jikin taga ina ƙirga,
ashirin da ɗaya, ashirin da biyu,
har janareta ya yi tari ya kama.
Addu'ar da na sani duk ta gudu,
sai Ya Latifu kaɗai ta rage a bakina.

Tukunya ta uku ta ƙare, aljihu ya riga ta.
Na aika yarona Mode ya kai injin hurawa
wurin Alhajin Kasuwar Daji jingina.
Mai sayar da iska ya sai da mahurinsa ya sayo iska.
Na so in yi dariya, ta maƙale.

Na koyi karatun ɗan matsin da ke yatsarta:
tamanin da shida, Hajaru ta juya fuska bango,
casa'in da huɗu, ta tuna ba ta ci abinci ba.
Sista Tabita ta ce in daina kallon lamba,
in kalli yarinya.

Rana ta shida aka zare tiyon.
Sawun filasta na nan a kumatunta.
Ba ta kira ni ba, ba ta kira uwarta ba,
kofin kunu ta nuna.
Hajaru ta ɗebo a cokali, tururi na tashi.
Luba ta tura leɓe gaba,
yadda ta ga ana yi,
ta hura.

Ba su sallame mu ba tukuna.
Injin na can hannun Alhaji.
Amma na ga kunun ya motsa.